Shanun Lakar Magagi

Magagi mutumin Damagaram ne. Aikin allurar shanu ya kawo shi Diffa a farkon shekarun 1950, lokacin da garin bai wuce ƙauyen bakin ruwa ba, kumandan mulkin Turawa ma yana can garin Maine. Ya auri Dije, ƙanwar uwata, kuma daga bakinta na ji yawancin abin da zan faɗa, don shi bai son a tada zancen.

Allurar ba ta ba shi wuya. Abin da ya hana shi sakat shi ne yadda makiyaya za su yarda su kawo shanun. Wanda ya riga shi a aikin yakan tsaya gaban taro ya zuba bayani kamar mai shelar haraji, Fulani su ce "to, madalla", gari na wayewa a tarar da ruga ba kowa sai kashin shanu. Magagi ya ce laifin na mai maganar ne, ai gani ya kori ji. Saboda haka duk bayanin da zai yi, sai ya gwada shi a kan Dije tana daka. In ta yi hamma, ya yanke wurin. Ta ce ta san yadda ciwon bushiya ke kama saniya fiye da yadda ta san dangin mijinta.

Wata shekara da rani aka ji bushiya, annobar da ke share garke, ta ɓulla a hayin Barno. Kogin Komadugu ya riga ya tsinke ya zama tafkuna, shanun hayi biyu suna sha a wuri guda. Magagi ya san in Arɗo Laminu, mai babbar ruga kusa da Geskeru, ya yarda da allura, sauran za su biyo shi. In ya ƙi, garkunan kwarin sun shiga uku. Aka sa ranar kasuwa don taro.

Sai ya haƙo laka a bakin ruwa ya fara gina shanu.

"Maigida, da furfurarka ka koma wasan yara?" in ji Dije.

"Ke dai jira ki gani," ya ce.

Bai tsaya nan ba. Ya je mashaya ya zauna yana nazarin garken Arɗo, don a tunaninsa mutum ya fi kasa kunne in ya ga nasa. Ya shafa wa shanun lakar jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Har Wule ya gina, jar saniya mai farin goshi da karkataccen ƙaho, jikar wadda uwar Arɗo ta ba shi tun yana goye.

Ranar taro ya binne ƙwarya cikin rairayi ƙarƙashin tsamiya, ya cika ta da ruwa, ya ce wannan tafki ne. Ya jera shanunsa. Makiyayan da suka saba tsayawa nesa suka matso suna dariya, suna nuna shanun suna kiran sunayensu. Arɗo kansa ya yi murmushi. Dije ta ce ba ta taɓa ganin mijinta cikin farin ciki irin na wannan sa'a ba.

Ya fito da wata baƙar saniya daga aljihu, ya ce ga baƙuwa daga hayi, da ciwo a jikinta. Ya tsoma bakinta a ƙwarya.

"Duk wadda ta sha bayanta ta ɗauka," ya ce. "In babu allura, ga ƙarshenta."

Ya miƙa hannu ya ɗauki wadda ta fi kusa, ya kwantar da ita, ya murƙushe ta da dutse don maganar ta shiga. Wule ce.

Arɗo ya ja rawani ya rufe bakinsa, ya durƙusa ya tsince gutsattsarin ya zuba a aljihun rigarsa. Ya ce, "Mun gode, Malam," ya juya, jama'a suka bi shi. Rabin bayanin, inda shanun da aka yi wa allura ke tsayawa da ƙafarsu, babu wanda ya ji shi.

Har yau abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi. Magagi ɗan birni ne, ya san jikin saniya ciki da waje, amma bai san Bafulatani ko yabon saniyarsa a bainar jama'a ba ya so, don tsoron baki, balle a kashe siffarta a gaban idonsa. Kowane manomin barkono a kwarin zai iya gaya masa. Bai tambayi kowa ba, wai kada a ɓata masa mamakin da ya shirya.

Rugar Arɗo ta tashi ta yi arewa, ashe ciwon ya riga ya shiga. Wule ta mutu, da wasu masu yawa. Aka ce mugun idon Magagi ne. In ya bi ta wata ruga, mata su tura maruƙa bayan bukka. Bai kare kansa ba. Ya rame, abinci sai Dije ta yi da gaske. Ta ce sunan mai mugun ido bai ci shi kamar shanun ba, don ya san kowace ɗaya da kamanninta.

Da rani ya zagayo, sai ga Arɗo Laminu a ƙofar gidan da ɗan abin da ya rage masa. Ya ga shanun manoman Shetimari da aka yi wa allura suna nan da ransu, shi ya dawo da shi. Suka gaisa a tsaye.

"Malam, na kawo su. Ka yi masu."

"Allah ya ja zamaninka, Arɗo, yanzu kuwa."

"Amma alfarma guda nake roƙo. Kada ka dube su da yawa."

Magagi ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya rufe. Ya ce, "To, Arɗo." Ya ɗauko allurarsa ya shiga cikin shanun da kai a sunkuye, yana laluben wuyan kowace da hannu.