Mushe Habu da Tsohuwarsa

Duk wanda ya taɓa zuwa merinmu, wato ofishin magajin gari, da la'asar ya san zagayen Mushe Habu, "mushe" ɗin nan na Faransanci mai nufin malam. Biyar saura kwata zai fito da silifas ɗinsa masu faci, ya bi biro-biro, ofis bayan ofis, yana ƙwanƙwasa ƙofa: "Akwai mai rubutu? Zan kwantar da Tsohuwa!" Tsohuwar nan ita ce na'urar da ke ƙuryar ɗakinsa, wadda 'yan boko ke ce wa sarba. A cikinta sunan duk ɗan da aka haifa a ƙauyukanmu yake. In sunan ɗanka ba ya ciki, ba takardar haihuwa, ba zaman jarrabawa. Ni ce sakatariyar da ke buga sunayen, shekara goma sha ɗaya muna ɗaki guda, don haka ku bar ni in faɗa.

Baƙin allo ne gabansa, ba hoto ba ado, sai rubutu. Turancin Ingila kuwa kalma huɗu ya iya duk duniya: status, stop, start, restart. Ta farkon ita ce gaisuwa, da ita yake tambayar lafiyarta kafin komai. Ta ƙarshen kuma ya tsane ta.

Wani ƙwararre ya zo daga Damagaram, ya ga Mushe ya buga stop ya naɗe hannu yana jira. Ya ce, "Mushe, ai restart kawai za ka sa, ta mutu ta tashi lokaci guda."

"Kai haka ake tashinka?"

"A'a, amma ai inji ne."

"To bar ta ta haɗiye abin da ke bakinta. Ko akuya ba a jan ta tana tuƙa."

Mutumin ya sha ruwa ya tsaya. Minti huɗu muna kallon allo mu uku kamar masu jiran ganin wata.

Rannan ina tsakar buga sunan wani jariri ya leƙo. Na ce, "Haba Mushe, ka kashe mana, gobe na ƙarasa, tuwona na jira." Ya ce, "Zuwaira, so kike yaro ya kwana da rabin suna? Uwarsa ba ta haife shi rabi ba." Sai da na buga har sunan kakansa. Ranar tuwon ya ƙone, maigidana ya ce in kai wa Tsohuwa ta ci.

Shekara biyu yana rubuta takarda a sake batirin da ke riƙe ta in kuran, wato wutar lantarki, ya tafi. Shiru kake ji. Faifan da yake ajiye kwafin sunayen kuma wani babba a merin, ba zan kama suna ba, kun san shi, ya are shi "na kwana biyu". Faifan ya dawo cike da bidiyon bikin ƙanwarsa, an share komai. Mushe ya juya faifan, ya ce, "To, Allah ya ba da zaman lafiya. Ango dai ya fito da kyau."

Sati bai cika ba aka yi taron rabon iri a harabar meri. Mushe ya hau kabu-kabu ya tafi Dungas sunan jikarsa. Aka rasa inda za a jona lasifika, sai ga babban nan a ɗakinmu. Ina cikin rubutu. Na ce, "Ranka ya daɗe, a jira Mushe ya tsayar da ita." Ya ce, "Ke, waya ce fa kawai!" Ya fizge wayar wutar Tsohuwa ya jona ta lasifikar, nan take ta mutu. Wallahi har yau ina jin haushin kaina da ban tare ƙofar nan ba.

Washegari Mushe ya buga start. Ta ƙi. Ya sake, ya sake. Da ƙyar ta tashi, amma sunayen ƙauyuka tara sun tafi. Kun san wa aka ɗora wa laifi? Shi! A gaban mutane babban ya ce tsufa ya kama shi, zamani ya wuce shi.  Mushe ya kwaso tsofaffin rajistoci daga sito, wasu gara ta fara ci, ya raba mana, muka koma bugawa daga layin farko.

Ana cikin haka wani manomi daga wajen Waca, Malam Idi, ya zo neman takardar 'yarsa Rabi, za ta zauna jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare. Ƙauyensu ne a hannun Mushe. Na ce, "Mushe, tsallaka ka sa nata mana." Ya ce, "Lamba ba ta tsallake. Malam, dawo ran Laraba, na kai gare ta." Taurin kai! Na so in kwaɗa masa rajistar.

Ran Litinin ya kwantar da Tsohuwa yadda ya saba, ya tafi gida. Bai wayi gari ba.

A wajen gaisuwa babban nan ne ya fi kowa yabonsa, wai an yi rashin gwani. Na tashi na bar wurin don kada in yi abin kunya. Na'ura kuwa kwana goma sha biyu tana kwance, don kalmar sirrin buɗe ta a kansa kaɗai take, sai da aka sake kiran ƙwararren Damagaram. Malam Idi ya zo Laraba biyu ya koma. Kafin ta tashi an rufe karɓar takardu a Magariya, Rabi ta rasa shekarar.

Da na buɗe rajistar da yake kai, na ga ɗigon fensir inda ya tsaya. Na ƙirga zuwa sunan Rabi. Layi shida.

Na zauna na buga su ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba, ina kuka ina yi masa faɗa.

Allah ya jiƙanka, Mushe Habu. Ya yafe maka na Rabi, ya haskaka kabarinka. Sauran kuma, Allah ya isa.