Lamba Bakwai ta Bara

Kawuna mai gyaran agogo ne, mutum mai tsantseni har ya yi yawa. Ko tsinke ka ara a shagonsa sai ya tambaye ka ranar da za ka mayar. Muna tsokanarsa da cewa shi da kuskure ba su taɓa gaisawa ba.

Ɗansa ɗaya ne, direba, muna ce masa Dogo. Aka yi faɗa a tasha, 'yan sanda suka kwashe har da shi, aka kai su kotu ranar biyu ga watan Janairu.

Duk ƙarar da ta shigo, magatakarda kan ba ta lamba a babban littafi: haruffan kotun, sai lambar jeri, sai shekara. Shekara na sabuntawa ake komawa ɗaya. Dogo ne na bakwai. Amma hannun magatakardan bai saba da sabuwar shekara ba, sai ya rubuta ta bara. Lamba bakwai ta bara kuwa ƙarar satar akuya ce, tuni aka sallami mai ita.

Duk Litinin Kawu kan rufe shago, ya je kotu ya zauna a wani benci mai ƙafa uku da bulo, ya miƙa wa magatakarda 'yar takardarsa mai lambar ƙarar ta taga.

"Baba, ai an gama wannan shari'ar, an sallami mutumin."

"To wa nake kai wa sabulu a gidan yari, ɗana?"

"Sai a kawo fayil ɗin mu gyara."

Fayil ɗin kuma an ɗaure shi da igiya tare da na bara, an jefa ɗakin ajiya inda takardu suka kai rufi. Wanda ya yi rubutun ya yi ritaya. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ba mugunta ba ce balle ka san wanda za ka tsana.

Shekara huɗu Kawu yana wannan zirga-zirga. Idonsa ya mutu, ya daina ganin cikin agogo, shagon ya koma hannun mai sayar da caja. Ranar wata Litinin ya kasa tashi, kafin azahar ya cika.

Na ruga kotu na roƙi a bar Dogo ya zo ya ga gawar ubansa, ko da ankwa ne. Sabon magatakardan ya tausaya mini ƙwarai, ya jawo fom.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Mece ce lambar ƙararsa?"