Fim Ɗin da Baba Ke Kira Baƙi da Fari

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habu, amma sai bana na gane abin da yake nufi da wata kalma da na tashi ina ji a bakinsa. Ni malamar lakkol ce, makarantar boko, na saba gyara wa yara magana, sai ga shi mamaci ya gyara mini tawa.

Ɗan marina ne, haifaffen Birni a nan Damagaram, gidan da kowane namiji hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu. Shi ya bar rini ya zama direban wani Bature mai aikin rijiyoyi. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa wata 'yar kamera irin ta da, mai cin fim a bobin, wato nannaɗaɗɗen faifai, wadda ba ta ɗaukar murya. Daga ranar dangi suka shiga uku. Ba suna, ba biki, ba sussukar gero da Baba ba zai bayyana da abarsa a ido ba, yana cewa a daina kallonsa a ci gaba da aiki. Sai an aika fim ɗin Faransa an wanko shi, jaririn da aka ɗauka ranar suna yakan fara rarrafe kafin hotonsa ya iso.

Injin haska fim ɗin ya mutu tun ina ƙarama, don haka ni ban san bobin ɗin da ido ba, da suna na san su. Kowanne yana cikin gwangwaninsa a wani akwati, Baba ya karce sunansa da ƙusa: Tafkin Gidimuni, Kakar Tirmini, Sunan Zara (ni ke nan), da wani da ake kira Baƙi da Fari. Illar mai kamera ɗaya ce, shi ba ya fitowa. A cikin duka akwatin nan, wannan na ƙarshe ne kaɗai Baba yake ciki, domin ranar mahaifiyata, Inna Falmata, ya miƙa wa kamerar, tana amarya.

Bara idon Inna ya fara tafiya. Likita ya ce ciwon ba ya juyawa, sai dai a rage masa gudu. Fuska ta daina ganewa, rubutu ma haka, abin da ya rage mata shi ne launi mai ƙarfi. Jan bokiti tana ganinsa daga ƙofar ɗaki, amma bangon siminti da hadari duk ɗaya ne a wurinta. Wannan ya sa na aika akwatin Yamai aka juye bobin ɗin, suka dawo mini cikin wata 'yar kile, ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, wadda ba ta kai ɗan yatsana ba. Na daɗe ina juya ta a tafin hannu. Rayuwar mutum guda, da rana da ƙura da dariyar mutanen da yawancinsu suna kushewa, duk a cikin abin da zai iya ɓacewa a aljihun jaka.

Na sa wata manhaja ta tsara fina-finan gida a ordinatar, wato kwamfutata. Kowane fim tana tambayar sunansa, da wurin da aka ɗauke shi, da irin launinsa: mai kala ne, ko baƙi da fari, ko gauraye, ko wanda aka shafa wa kala daga baya. A wurin wasu wannan tambaya ado ce. A wurina ita ce komai, domin da ita nake ware abin da Inna za ta iya gani da abin da zai zame mata hayaƙi. Da na zo kan fim ɗin Baba ban ko buɗe shi ba. Sunansa ya riga ya amsa tambayar, na jefa shi cikin rukunin marasa kala.

Muka yi ta kallon masu kalar da hantsi, lokacin da idonta ya fi sauƙi. Ta ga koren dabino a Gidimuni, ta gane wani jan kallabi da ta ce ƙanwarta ta ara ba ta mayar ba. Kullum in mun gama sai ta ce, "Zara, yaushe za ki sa mini Baƙi da Fari?" Ni kuma in ce gobe, ko in ce ordinatar ta yi zafi. Tsoro nake ji. Ban so in zaunar da ita gaban mijinta ta buɗe ido iya ƙarfinta ta ga toka ba. Kwanaki kuwa suna tafiya, idon yana bin su.

A cikin manhajar akwai wurin da na'ura ke shafa wa tsohon fim kala da kanta, ta hanyar cinta. Na san abin da Baba zai ce. Mutumin da ke tsayar da mota don ya yi wa mai shago gardama a kan shuɗin da ba shuɗi ba, zai karkata hula ya tambaya ko ita na'urar ta taɓa tsoma hannu a ramin rini. Duk da haka na yanke shawara, kalar ƙarya ta fi babu. Na buɗe fim ɗin don in ba na'ura.

Shuɗi ne ya cika fuskar ordinatar. Shuɗin da ban taɓa ganin irinsa ba, mai duhu, mai sheƙi, kamar a taɓa shi ya bar shaida a yatsa. Marinar gidan kakana ce, wadda yau aka cike ramukanta aka yi shaguna a kai. Ga tulin fararen zannuwa suna jiran layi, ga waɗanda aka gama an shanya a rana. Ana tsamo zane daga rami yana kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa a gaban idona. Na zauna na kalle shi har ƙarshe.

Da na gaya wa Inna, dariya ta yi har da tari. "Ke yanzu 'yar marina ce kuwa? Zane in ya sha baban rini ya ƙoshi, ai baƙi sunansa. Wanda bai shiga rami ba, fari. Waɗancan marasa kalar naku, babanku toka-toka yake ce musu. Ya ce bai ga baƙi a cikinsu ba."

Na jawo mata kujera dab da ordinatar. Hoton yana rawa, domin hannun amarya ne. Can sai ga wani saurayi siriri ya miƙe daga bakin rami, ya tuɓe rigar direba ya shiga aikin gidansu, ya juyo, ya ɗaga hannuwansa biyu da suka rine yana dariya. Na san ba ta ganin fuskarsa. Amma ta miƙa yatsa ta ɗora daidai kan hannuwan nan.

"Ga shi nan," ta ce a hankali. "Ni yake tsokana. Cewa yake zai shafa mini a zane."

Na mayar da fim ɗin rukunin masu kala, sunan kuwa ban taɓa shi ba. Ina yawan tunanin abin da ya rage na mutum bayan shekara goma sha biyu. Motar da ya tuƙa ta ruɓe, marinar ta tafi, muryarsa ma kamerar ba ta riƙe mana ba. Abin da ya saura shi ne yadda ya kalli duniya, da sunayen da ya ba abin da ya gani. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya ga abin da ya fi wannan kyau.

Idon Inna ya rufe gaba ɗaya kafin damina. Har yanzu takan ce in sa mata fim ɗin. Ba ya magana, ita ba ta gani, amma tana zama ta fuskance shi, hannu a cinya, tana jira. Sai ta ce, "Yanzu zai ɗago hannu."

Kuma ya ɗago.