Farin Rubutun da Yayana Ya Bari

Ranar Laraba, tara ga watan nan, tsakanin la'asar da magariba, Allah Ya karɓi ran yayana, mai shagon buga takardu da ke ƙasan benen da ke kallon tashar mota, wanda mutanen layin suka fi sani da Baƙi-da-Fari. Shekarunsa hamsin da takwas. Bai yi jinya ba. Ya dawo daga shago, ya cire takalmi, ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin ta kawo ruwa ya cika. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma, wanda ya shirya da wanda bai shirya ba.

Ni ban shirya ba, Yaya. Shekara uku ina riƙe da kalma ɗaya da ya kamata in faɗa maka, kullum ina ɗaga ta zuwa gobe. Da aka kira ni aka ce ka rasu, kafin kuka ya zo, tambaya ce ta fara zuwa: shin ka tafi kana riƙe da ni a zuciya?

Wanda bai san ka ba zai ɗauka laƙabin nan zolaya ce kawai. Shekara ashirin da shida kana buga wa mutane takardu, tun zamanin tafireta har kwamfuta ta zo, ba ka taɓa sayen injin da ke fitar da launi ba. Duk shagunan layin sun saya, kai ka kafe. In an matsa maka sai ka ɗaga tabarau ka ce, "Launi ado ne. Maganar da ba ta tsaya da ƙafarta a baƙi ba, ja da shuɗi ba za su tsayar da ita ba." Taurin kai dai na gidanmu ne, ni ma na kwashi rabona har da ƙari.

Amma a cikin wannan baƙi da farin ka taimaki mutanen da ba zan iya ƙirgawa ba. Na tuna wata ɗaliba da ta zo da aikin kammala karatunta ana gobe za ta miƙa. Ta ƙawata kawunan babi da rawaya, ta yi zanen ƙididdiga da ja da kore. Da aka buga, rawayan ya kusa ɓacewa, ja da koren kuma suka fito toka-toka iri ɗaya, ba a bambance wannan da wancan. Ta fashe da kuka. Ka jawo mata kujera, ka bi aikin shafi-shafi, ka mayar da kawunan baƙi mai kauri, ka sa wa wani sashe na zanen layi-layi, wani ɗigo-ɗigo, har ya fi na da fitowa. Abincin ranarka ya huce a kan tebur ba ka taɓa shi ba.

Na kuma tuna tsohuwar da ba ta iya karatu ba, wadda ke zuwa ka rubuta wa ɗanta wasiƙa. Kana bugawa kana karanta mata, ta tuno wata magana, ka sake bugawa, ta ce a cire wancan don kada hankalinsa ya tashi, ka sake. Sau biyar wata rana, ba ka ko ɗaure fuska ba. Asirin mutane da yawa ya bi ta yatsunka: takardar neman aiki, ta sallama, wasiyya, koke. Ko matarka ba ta taɓa jin guda ɗaya daga bakinka ba.

Abu ɗaya ne na ga ba ka so, wato takardar da aka liƙa hoton mutum a ciki. Ka taɓa nuna mini wata ka ce, "Duba nan. A baƙi da fari, kowa sai ya yi kama da wanda ya riga ya tafi." Na yi dariya a lokacin. Da muka buga hotonka don sanar da rasuwarka, a baƙi da fari, na daɗe ina kallonsa. Kai ba ka canza ba ko kaɗan, kamar dama haka kake.

Yanzu bari in faɗi laifina, tunda ta'aziyyar da aka ɓoye gaskiya a cikinta ba za ta dace da kai ba.

Bayan rasuwar Mama na fara rubuta littafi a kan rayuwarta. Ni malamar makaranta ce, da biro nake rubutu, kai kake buga mini. Na fara da babin rasuwarta, ko da yake ba shi ne farkon littafin ba, inda na rubuta cewa ina riƙe da hannunta ta cika. Ba haka aka yi ba. Ranar ina wurin taron malamai, an kira ni sau biyu na ce bari a tashi. Da na iso an riga an rufe mata fuska. Kai ne a gefenta. Na rubuta ƙaryar ne domin na kasa ɗaukar gaskiyar.

Da na zo karɓar babin, ka miƙo mini shi a hankali ka ce, "Auta, a nan wurin, ba ke ce a ɗakin ba. Amma akwai abin da..."

Ban bar ka ka ƙarasa ba. A gaban mutum huɗu da ke jiran aikinsu na ce, "Kai aikinka bugawa ne, ba magana ba. Kada ka ƙara sa mini ko ɗigo a rubutuna."

Ka dube ni, ka ce, "To, Malama."

Daga ranar ba ka sake kira na Auta ba. Muna gaisawa, muna haɗuwa a sha'anin dangi, ina kawo babi kana bugawa, ka sa a ambulan ka ce, "Ga shi, Malama." Ba ka ƙara gyara mini ko harafi ba. Abin da kawai na lura da shi, ka koma barin fili mai faɗi tsakanin sakin layi da kuma ƙarshen kowane babi. Na ce a raina tsufa ne ya sa ka fara ɓarnar takarda. Sau da yawa na tsaya a bakin shagon da niyyar in ce ka yafe mini, sai in ga akwai mutane, ko babu mutane amma girman kaina ya cika wurin.

Kwana takwas da rasuwarka matarka ta ba ni makullin shagon. Ta ce, "Ki je ki fitar da littafinki kafin a kwashe kayan. Ni ƙafata ba za ta iya taka wurin ba tukuna."

Da hantsi na je. Na ɗaga ƙofar ƙarfen rabi, hasken titi ya shigo ya tsaya a kan kujerarka. Tabaranka na kan tebur a buɗe. Kofin shayinka ya bushe. Warin takarda da tawada na nan yadda yake, har na kusa yin sallama. Na kunna kwamfuta, na samo littafin cikin sauƙi, domin komai naka a jere yake. Shafi ɗari da arba'in. Na zuba takarda, na danna wurin bugawa kamar yadda na sha ganin kana yi, na zauna a bencin masu jira.

Injin ya yi gunjinsa ya fara fitarwa. Na ɗauki shafin farko da ɗuminsa, ina dubawa sama-sama. A ƙarƙashin sakin layi na biyu, inda a da fili ne, na ga layi baƙi ƙirin wanda ban rubuta ba:

"Auta, tukunyar ba ta ƙarfe ba ce, ta ƙasa ce, kuma ke kika fasa ta."

Na duba allon kwamfutar, shafin nan ɗaya, wurin nan ɗaya: fili ne fari fat. Na sake duba takardar, ga rubutu. Na ɗauki shafi na biyu. "Nan kin sa ni dariya har mai jiran aiki ya ɗauka na zare." Na uku. "Yau kin zo da tari. Ki sha magani." Injin bai tsaya ba, yana ta turo shafuka ɗaya bayan ɗaya a cikin shagon da babu kowa sai ni, kowane shafi da muryarka a kai. Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

Maƙwabcinka mai gyaran kwamfuta ne ya ga halin da nake ciki, ya biyo ni ciki. Ya dubi takardun, ya dubi allon, sannan ya ja alamar nuni a kan farin filin kamar mai share ƙura. Sai ga haruffa sun bayyana.

Ya ce, "Malama, ki kwantar da hankalinki. Da farin launi ya rubuta su, shi ya sa ba a gani. Fari a kan fari. In an buga yadda ya saba, haka suke fita a ɓoye. Amma kin ga ɗan akwatin nan da ke kan allo a wurin bugawa? In aka sa masa alama, injin yana mayar da duk rubutu baƙi, ko da wane launi aka yi shi."

Na ce, "To wa ya sa alamar?"

Ya ce, "Ba ya sa wa kansa, da hannu ake sawa. Kuma shekara nawa ina duba masa injin nan, ban taɓa ganin ta a wurin ba." Ya ɗan goge fuska. "Ranar Larabar nan ya rufe shago, har ya kai bakin titi, sai na ga ya dawo ya sake buɗewa. Na ce, Baƙi-da-Fari, mantuwa aka yi? Ya ce a'a, wani ɗan abu ne zai gyara. Ko minti biyu bai yi ba ya fito."

Ya bar ni na zauna a ƙasa na karanta. Shekara uku kana hira da ni ban sani ba. Kana gyara mini shekarar da muka tashi daga tsohon gida, kana tsokana ta, kana yaba wurin da ya yi kyau. Duk ambulan da ka miƙo mini kana cewa "Ga shi, Malama," ashe cike take da Auta, ina kai ta gida ina ajiyewa ina jin haushin ɓarnar takarda.

Na nemo babin rasuwar Mama. A ƙarƙashin ƙaryata ka rubuta:

"Abin da na so in gaya miki ke nan ranar. Hannuna Mama ta riƙe, amma ta ɗauka ke ce. Ta ce, Auta, kin iso? Na ce mata na iso. Ta yi murmushi ta cika. A wurinta kina ɗakin. Ki rubuta haka, ya fi abin da kika rubuta, kuma shi ne gaskiya."

Shekara uku ina ɗauke da nauyin da rabin jimla za ta sauke mini, ni kuma na toshe bakin mai faɗar ta. Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ka.

A shafin ƙarshe akwai kwanan wata: Laraba, tara ga wata. "Na gaji da farar tawada. Gobe za ki zo karɓar babin ƙarshe. In ba ki same ni ba, ki danna kawai, na riga na gaya wa injin abin da zai yi. Ban riƙe ki da komai ba, Auta, ko na yini ɗaya."

Ban san abin da ka ji a jikinka a bakin titin nan ba, Allah ne Masani. Abin da na gani da idona shi ne, bayan shafin ƙarshe injin ya sake jan takarda ɗaya, ya riƙe ta a ciki har na ɗauka ta maƙale, sannan ya sako ta a hankali, fara, da ɗumi. Mai gyara ya ce tsofaffin injuna kan yi haka. Na ɗaga ta a hasken ƙofa na juya gaba da baya, babu komai. Tana cikin jakata har yanzu.

Na gyara babin yadda ka ce. Wannan ta'aziyyar ma a kwamfutarka na buga ta, da yatsa biyu, yini guda cur, aikin da za ka gama kafin shayi ya huce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi shekara talatin tana haƙuri da shirunka, da 'ya'yanka uku, da sauran 'yan'uwa, da maƙwabtanka na layin, da duk wanda ya taɓa zama a bencin nan yana jiran takardarsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah Ka jiƙan yayana, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa na bayinKa. Ka ba shi littafinsa a hannun dama, Ka sada shi da Mama a gidan aminci. Mu da muka rage, Ka kwance mana harshe mu nemi gafarar juna tun masu jin mu suna raye. Amin.

Yaya, na san wanda ya tafi ba ya karanta takarda. Duk da haka na bar fili a ƙasan wannan shafin, na rubuta kalmar nan da na riƙe shekara uku da farin launi, na cire alamar daga ɗan akwatin. Ba ta masu karatu ba ce. Ina roƙon Allah Ya isar maka da ita.