Malama Ummukulthum Mai Awon Jinin Yara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, labari ya iso mana Horo Birni cewa Allah Ya karɓi ran Malama Ummukulthum, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin yankinmu, a gidanta da ke Bodinga.

Malama, ke ce mutum na farko da na ga yana auna jinin yaro. A wurinmu hawan jini ciwon manya ne, na wanda tunani ya yi wa yawa. Shi ya sa da fuskar 'yata Lubna ta cika tana shekara biyar, murna muka yi. Kakarta ta ce nonon damina ne ya karɓe ta. Tari kawai ya kai mu wurinki.

Kika dube ta, kika tsayar da ita jikin bango kika auna tsayinta, sannan kika ɗaura mata ɗan ƙaramin maɗauri a dantse. Awo ya nuna ɗari da ashirin bisa tamanin. Na ce ai nawa ma haka yake, kuma lafiyata lau.

"Kai ƙato na, Manu," kika ce. "Ga ɗiya ƙarama awa wagga, jinin ya hau ƙwarai."

"To mi taka tunani?"

"Ba tunani na ba. Ina jin ƙoda ta. Ku tai Sakkwato yau."

Likitocin can suka tabbatar ƙodar ce.

Tun daga nan na zame miki ƙarfen ƙafa da tambaya. Me ya haɗa tsayi da jini? Me ya sa maɗaurin manya ke ba da awon ƙarya a hannun yaro? Ba ki taɓa gajiya ba, sai dai ki ce da ni ɗalibinki ne da kin yi ritaya da wuri. Daga bakinki na san kowane yaro da nasa mizanin, gwargwadon shekaru, tsayi da jinsi.

Kowane wata kina auna Lubna, kina jiran ranar da jinin zai daidaita ba magani. Makon jiya likita ya ce ta warke, ta daina shan magani. Na hana kowa buga miki waya, don ina son ganin fuskarki idan na faɗa. Ban kai ga zuwa ba sai ga labarin rasuwarki. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. To ga shi ina faɗa miki yanzu, Malama: ta warke.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Maigidan Malama, Malam Ashiru, da yara, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.