Sai Sun Gama: Baba Levi Mai Garma Ya Ajiye Karkiya

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar su Baba Levi, can bayan Gozaki, ya san yadda gari ke waye masa. Kiran assalatu na masallacin maƙwabta ke tashinsa. Su yi addu'arsu shi da mai ɗakinsa Rahab, ya fito ya nufi turke. Ba ya ko kallon garma tukuna. Zai zuba wa shanun harawa, ya dama musu dusa da kanwa, ya tsaya yana sosa musu ƙeya yana gaishe su kamar surukansa. Sannan ya bi kowane sa da tafin hannu, tun daga wuyan da karkiya ke zama, ya cire kaska, ya ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya ya leƙa kofato. In ya gama ya jawo kujera ya zauna da kwanon kunu, yana kurɓa yana kallon shanun suna tuƙa. Ko wane ne ya zo da gaggawarsa, amsar ɗaya ce: "Sai sun gama." Har sunan ya bi shi.

Makon jiya labari ya iso mana Funtua cewa ciwon gwiwa ya sa ya ajiye huɗa. Na ce wallahi ba za a yi wannan shiru ba. Na tsufa a dillancin hatsi, na ga masu sauri iri-iri, na kuma ga inda saurin ya zubar da su. Mutum irin wannan a yabe shi yana ji da kunnensa.

A tambayi Gwaggo Hajo. Shekarar da mijinta ya rasu, damina ta yi jinkiri har mutane suka fara kallon juna. Ya bar mata 'yarsu Raudatu da gona guda a bakin hanyar Kafur. Ƙanen mijin, Sada, ba mugu ba ne, amma ya faɗa mata gaskiyarsa: a shekara irin wannan ba za a bar ƙasar gidansu kwance ba. In ruwa ya sauka Lahadi ta zo ba a huɗe ba, zai ba da ita aro ga mai ƙarfi. Hajo kuwa ta san gonar da aka ba da aro daga hannun mace, dawowarta sai Allah.

Ruwan ya sauka, aka wayi garin Juma'a ƙasa ta jiƙu sharkaf. Baba Levi ya riga ya yi mata alkawarin ita ce farko. Kuma kowa ya san ba ya ɗaura wa sa karkiya ranar Lahadi, ko sarki ne ya aiko. Tun da duku-duku ta iso ƙofar gidansa, mayafi a karkace. Ta tarar da shi yana hira da shanu.

"Baba, don Allah. Kowa fa ya fita."

"Sannu da zuwa, Maman Raudatu. Kin kwana lafiya? Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba. Amma gonar..."

"Rahab, ga baƙuwa. A ba ta kunu."

Haka ta zauna da kwano a hannu, ko kurɓa ba ta yi ba. Tana jin shanun wasu suna wucewa ta bayan danga, ana tsawa ana bulala, garma na ƙara a kan tsakuwa. Kowace ƙara ji take kamar gonarta ake ja ana tafiya da ita. Rahab ta dafa ta.

"Sha abinki. Ni da na aure shi, ranar ɗaurin aurenmu ma sai da fasto ya jira shi."

Can Baba Levi ya ɗaga ƙafar baya ta babban san, wanda yake kira Fari, ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a tsagar kofaton, san ya zabura. Guntuwar waya ce ta shige, ba ta kai ga sa shi ɗingishi ba tukuna. Da an fita da shi haka cikin taɓo, kafin hantsi ya gurgunce, kuma a makon nan babu mai ba ka aron sa ko ɗan uwanka ne. Ya zare wayar a hankali, ya sa aka ɗumama ruwan gishiri ya wanke wurin, ya shafa man kaɗe. Sannan, jama'a, ya koma ya zauna ya ƙarasa kununsa. Sai da ya ga Fari ya taka ƙafar da kyau, ya koma tuƙarsa, sannan ya miƙe ya ɗauko karkiya.

Rana ta ɗaga sosai da suka isa. Ya ja kunyoyi miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, ba tsawa, ba duka, sai 'yar magana ƙasa-ƙasa. Da zafi ya taso ya kwance shanun ya kai su inuwa, gona ko rabi ba ta kai ba. Daidai nan Sada ya tsaya da babur ɗinsa. Da ma akwai wasa tsakaninsa da matar wansa.

"Matata, wannan mijin da kika ɗauko ai sai baɗi zai gama."

"In ya kai baɗin ma ya fi ka, kai da kunyarka ke tafiya kamar maciji ya sha duka."

Haka ta mayar masa. Baba Levi dai ya ce, "Malam Sada, Lahadi ka ce ko? To yau Juma'a."

Ranar Asabar ta sake zuwa, ya sake yin safiyarsa tsaf, bai rage ko susar ƙeya ba. Wannan karon ta shanye kunun har da neman ƙari. Fari ya ja kamar ba abin da ya taɓa samunsa. Kafin la'asar kunya ta ƙarshe ta kai bakin iyaka. Sada ya zo ya zagaya gonar, ya cire hula ya sosa kai, ya ce gobe shi zai kawo irin masara, kuma shi zai yi mata shukar. Hajo ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakiyar gona, har masu wucewa suka tsaya.

Baba Levi, kai ne na Rahab, mai huɗa ba bulala. Kai ne ka nuna mana safiya ba abar tsallakewa ba ce. Masallaci da majami'a duk sun ci tuwon kunyoyinka, ba ka taɓa tambayar mai gona inda yake sallah ba. A wancan makon na ruwan fari shanu nawa suka kwanta a ƙauyukan nan saboda an fizge su daga turke da yunwa, naka suka kai ƙarshen damina da ƙibarsu. Mun gode. Allah ya sassauta wa gwiwar nan, ya ba ka safiyoyi masu yawa.

Ku kuma 'yan baya, masu buga babur da burodi a baki, waya a kunne tun ba a wanke ido ba, ku gwada gobe. Ku gaida mutanen gida da kyau, ku ci abinci a zaune, ku duba abin da za ku hau ko za ku yi aiki da shi kafin ku fita. Wanda ya ce hakan ɓata lokaci ne, ya bi hanyar Kafur a daminar nan ya tambayi gonar wa ce masararta ta fi shi tsawo. Za a ce masa ta Gwaggo Hajo ce, har yau.