Yadda Lemun Inna Ya Kada Baba Arzika

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Dogon Dutsi, cikin kaka ta biyu bayan samun 'yancin kai. Na taso daga lakwal, makarantarmu ta boko, da tsakar rana, allona a hammata, cikina yana kukan yunwa. Tun daga bakin zaure na ji ƙamshin lemun tsami ya cika gidanmu fiye da yadda ya saba, har yana hawa kai. Da na shiga sai na tarar da itacen lemun Inna kwance a tsakar gida, an sare shi daga gindi, 'ya'yansa sun watsu har bakin madafa, akuyarmu kuwa ta samu banza tana ta tsinkar ganye. Inna ta riga ni dawowa daga kasuwa. Tana zaune a ƙasa, ƙwaryar cefane a cinyarta, idonta a kan itacen, ba ta kuka. Maƙwabcinmu Baba Arzika yana tsaye inda ya ture darnin da ya raba gidajenmu, gatari a kafaɗa. "Na sha hwaɗa muku," in ji shi. "Icce ɗai ne, ku shuka wani abu." Ya juya ya koma gidansa, ko darnin bai tsaya ya tayar ba.

Itacen nan ba itace ba ne kawai a wurin Inna. Daga garkar mahaifinta da ke Geceme ta zo da shi lokacin da aka kawo ta gidan Baba mahaifina, ɗan tsiro a cikin fasasshen tulu, ta rungumo shi a kan jaki. Kakan namu ya rasu kafin in yi wayo, garkar kuma ta koma hannun wasu, saboda haka abin da ya rage mata na gidansu ke nan. Wanda ya san garinmu ya san wahalar ruwansa. Da ni da ita muke jan guga har tafin hannu ya yi kanta, amma duk tulun da muka kawo sai itacen ya sha rabonsa, ruwan wankin gero ma a gindinsa yake ƙarewa. A inuwarsa nake surfe, a nan muke carafke da ƙawayena, a nan Inna take tsefe mini kai tana rera waƙoƙin majami'a. Shekara da shekaru yana cin wahalarmu kafin ya soma haihuwa sosai, kuma a shekarar da ya fi cika da 'ya'ya aka sare shi.

Da wannan lemun Inna take yin gato, wainar Turawan nan da ta koya a wurin matan mishan. Mu Kirista ne, 'yan tsiraru a unguwa, Baba yana aikin katako a mishan. Ba mu da tanda irin ta Turawa, sai dabarar Inna. Takan zuba rairayi a gindin babbar tukunyar ƙarfe, ta ɗora a murhu har ya yi zafi, ta sa kwanon ƙullu a kan rairayin, ta rufe, sannan ta jera garwashi a kan murfin. Aikina shi ne buga ƙwai da man shanu da sukari da maburgi har hannuna ya mutu, da kuma kankare ɓawon lemu a jikin wani gwangwanin kifi da Baba ya huhhuda da ƙusa. "Kore ɗai za ki ɗauka," takan ce, "hwarin ɗaci gare shi." Sai ta jiƙa 'yar kanwa, ta matsa ruwan lemu a kai, ya yi kumfa, ta juye cikin garin alkama, shi ne yake sa gaton ya tashi. In ta soka tsinke ya fito fes, an gama. Ranar Nowel, wato Kirsimeti, kowane gida a layinmu sai an kai masa a kwano, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama ranar layya.

Gidan Baba Arzika ne kaɗai ake yi wa nasa dabam. Ɗan kokawa ne, ƙato mai wuya kamar turmi, kuma tun da na buɗe ido ban taɓa jin an ce bayansa ya taɓa ƙasa ba. An ce a Lugu aka haɗa masa magani, aka kuma gindaya masa sharaɗi: kada lemun tsami ya shiga bakinsa. Kowa a Arewa ya san lemun tsami yana karya magani, ba shi kaɗai yake gudunsa ba. Mu a gidanmu ba mu yarda da wannan ba, amma Inna ba ta taɓa raina masa ba. Duk Nowel sai ta wanke kwano da maburgi tas, ta yi masa nasa da nono mai tsami a madadin lemu, ta dama gwaiba nunanna a ciki don ƙamshi, ta rufe da faifai na musamman don kada a haɗa da na sauran. Shi kuwa ba ya ɗiba wa kowa, ko 'ya'yansa sai dai su lashi kwano. Da rassan suka soma leƙawa gidansa, ita da kanta ta ce a rage su. Abin da ya tunzura shi, wai lemu guda ya faɗo kusa da tukunyar da yake jiƙa saiwoyinsa. Kusa fa, ba ciki ba. Saboda wannan ya jira ta tafi kasuwa ya shigo mana gida da gatari.

Baba ya kai magana wurin mai unguwa, aka ce a yi haƙuri, Arzika na gari ne, shi yake fitar da mu kunya gaban baƙi. Baba ya dawo ya ɗaure darni da hannunsa, ya tara mu ya ce an umurce mu da mu yafe. Inna ta ce to. Amma daga ranar ta daina waƙa. Tana daka, tana tuƙa tuwo, tana shara, sai dai in ta zo wurin kututturen ta kewaye shi da tsintsiya, ba ta dubansa. Ruwan wankin gero kuwa sai ta tsaya da shi a hannu kamar ta manta inda ake zubarwa. Ni dai ban yafe ba, kuma ban ɓoye wa zuciyata ba. Na tsani mutumin nan, na tsani tarinsa da nake ji ta bayan darni, na tsani makaɗan da suke zuwa ƙofar gidansa suna zuga shi. A lakwal mushe, wato malaminmu, yana koya mana sabon taken ƙasa, ni kuwa ina zana Baba Arzika a allo da ƙafafu sama, ina gogewa da yawu.

Tun ranar da abin ya faru, da aka ce in kwashe rassan in kai bayan gida, na tsince lemun da suka ƙosa na zuba a zanena. Na san yadda Inna take ajiye su: a binne cikin rairayi mai ɗanshi a tsohon tulu, sai su daɗe ba su bushe ba. Na ɓoye tulun a ƙarƙashin rumbu, ina yayyafa masa ruwa in zan ba kaji dusa. A lokacin ban san abin da zan yi da su ba. Na dai san ba zan bar wa akuya ba.

Da Nowel ta matso, sai Inna ta ce bana ba za ta yi gato ba. Baba ya ce ba a fasa zumunci don mutum ɗaya, ta yi na gwaiba ga kowa, kuma gidan Arzika ne farkon wanda za a kai wa, don a ga mun yafe da gaske. Da na ji haka sai wata dabara ta faɗo mini. An riga an yi shela cewa kashegarin Nowel 'yan kokawar garin Matankari za su zo. Da safiyar Nowel Inna ta haɗa ƙullu ta raba a kwanoni, ta ce in lura da wuta, ta shiga wanka don shirin majami'a. Na ruga ƙarƙashin rumbu. Lemun sun yi ruwan ɗorawa, sun yi laushi, ruwa fal. Na yanka su da wuƙar kuɓewa, na matse cikin kwanon Baba Arzika, na tsame 'ya'yan da yatsa, na ƙara gwaiba na juya, na ƙulle ɓawon a bakin zanena. Gaton ya tashi fiye da na kowa, ya yi ja a sama, sai ƙamshin gwaiba kake ji. Ni na kai masa, na durƙusa har ƙasa, ya karɓa yana murmushin wanda ya ci nasara. "Ashe uwarki ta huce," in ji shi.

Kashegari bayan la'asar gari ya tashi kaf zuwa fili. Mata da goyo, yara a kan rassan gawo, ma'aikatan gwamnati a kujeru da hulunansu, ganguna suna tashi ta ko'ina. Na kutsa ta tsakanin ƙafafun manya har na isa inda yake zaune, guraye da layu tun daga damtse har gwiwar hannu, yaransa suna yi masa fifita. 'Yan Matankari suna zaune ba nisa, kuma na tabbatar suna jina. Na durƙusa na ce, "Baba, ina gajiya? Gato na jiya ya yi daɗi?" Ya ce, "Ƙwarai, ɗiyata, ko ɓarɓashi ban rage ba." Na kwance bakin zanena, na zube ɓawon a gaban ƙafafunsa. "Ga abin da ad ciki," na ce. "Na iccenmu ne da ka sare."

Ban taɓa ganin fuskar babba ta sauya haka ba. Ya janye ƙafarsa daga ɓawon kamar gawayi ne mai wuta, ya sa yatsa a maƙogwaro, amma abin da aka ci jiya ina za a same shi? Ya ɗaga hannu zai kai mini mari, na yi baya, kuma daidai nan makaɗa suka ɗauki takensa, fili ya kaure da ihu. Ba halin ya zauna. Ya shiga yana taɓa layunsa ɗaya bayan ɗaya, gumi yana tsiyaya tun ba a kama ba. Wanda aka fito masa da shi wani siririn saurayi ne, wanda a da ko kallon Arzika ba zai iya ba, amma labari ya riga ya kai kunnensa, ya shigo yana dariya. Suka zagaya, suka kama. Baba Arzika da aka sani da kafa ƙafa kamar an dasa shi, ranar sai ja da baya yake yi. Yaron ya sunkuya ya ɗauki ƙafarsa, ya tura, sai ji muka yi tim. 'Yan Matankari suka ɓarke da guɗa. Ni kaɗai ce 'yar Dogon Dutsi da ta yi tsalle, kuma na yi shi da dukan ƙarfina. Ko lemun ne ya karya maganin, ko tsoro ne ya karya mai maganin, ban sani ba, ban kuma damu in sani ba.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba, wanda bai taɓa dukana ba, ranar ya karyo tsumagiya. Ya ce na ci amanar kwano, na sa daga yau maƙwabta za su riƙa shinshina abincinmu kafin su ci. Ya tasa ni gaba har gidan Baba Arzika, na durƙusa na ba da haƙuri da baki, shi kuwa yana kwance ya juya mana baya. Bai sake shiga fili ba sai a matsayin ɗan kallo. Abin da ya dame ni ba bulalar ba ce, shirun Inna ne, don tun da muka dawo ba ta ce mini uffan ba, har na soma tunanin na ƙara mata baƙin ciki a kan wanda take ciki. Da safe muna bayan madafa muna goge tukunyar gato da toka, ta leƙa ta ga Baba ya fita, ta matso kusa da ni.

"Ruwan ɗai kinka matsa?"

Na ce i, ina jiran faɗa.

"Wawuya," in ji ta. "Da kin tambaye ni, da na ce ki kankare mishi har ɓawon."

Sai ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa, ta yi dariya har hawaye suka zubo cikin tokar. Ni ma na kama, muka yi ta yi muna tsawata wa juna kada a ji ta bayan darni.

Yanzu na tsufa a birni. Jikokina suna gasa gato a tanda mai lantarki, da lemu da abarba da wasu 'ya'yan itatuwa da ban san sunansu ba, su yanka su ci a gaban talabijin, maƙwabcinsu bai ma san an yi ba. Da wuya ka ga mai tsoron lemun tsami, ba mai aika kwano, ba kuma wanda ya san maƙwabcinsa har ya san abin da zai kada shi. Baba Arzika ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, mun yi zaman makokinsa kamar kowa. In na ba da labarin nan, akan tambaye ni ko na yi nadama. Ban yi ba. Da za a mayar da ni bayan madafar nan in sake jin dariyar Inna, da na sake matsawa.